Ciwon Ido Mai Tsanani ga Majinyatan Cututtukan Numfashi: Misali Daga Baƙon Dauro da Korona

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Daga cikin gaɓoɓin da lafiyarsu ta fi damun ɗan'adam akwai ido, domin da shi ne yake karatu, yake neman abinci, yake gane hanya. Duk da haka, akwai lokacin da ake mantawa da ido ɗungurungum, wato lokacin da majinyaci yake kwance rai a hannun Allah, numfashinsa yana sarƙewa. A irin wannan hali, hankalin iyaye da na ma'aikatan lafiya yakan koma kan ƙirji da zazzaɓi. Idan majinyacin ya runtse ido, sai a ɗauka barci yake yi ko kuma haske ne ba ya so. Sai bayan an samu sauƙi ya buɗe ido, a tarar farin tabo ya rufe baƙin idon, gani ya tafi.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda cututtukan numfashi waɗanda ƙwayar bairos take haddasawa suke buɗe ƙofa ga ciwon ido mai tsanani. Za a ɗauki misalai guda biyu. Na farko shi ne baƙon dauro, wato ƙyanda, cutar da mutanen Katsina da sauran ƙasar Hausa suka daɗe da saninta, wadda kuma ta makantar da yara masu yawa. Na biyu shi ne korona, wadda ta game duniya a shekarar 2020, ta kuma nuna cewa abin da yake samun idon yaro a ɗakin uwarsa yana iya samun idon babba a kan gadon asibiti. Daga ƙarshe za a duba matakan kariya da kuma rawar da malamin makaranta zai taka.

2.0 Ido da Garkuwarsa

Kafin a fahimci yadda cuta take lalata ido, ya kamata a san yadda ido yake kare kansa. Idan mutum ya dubi idonsa a madubi, zai ga fari da baƙi. A kan baƙin akwai wani tantani garai-garai mai kama da gilashin agogo, wanda ta cikinsa ne haske yake shiga. Kaurin wannan tantani bai wuce kimanin rabin milimita ba, kuma babu jijiyar jini a cikinsa. Rashin jijiyar jinin ne ya sa yake garau, amma kuma shi ne ya sa ba ya saurin warkewa idan ya yi rauni. A wannan babi za a riƙa kiran sa tantanin baƙin ido. A kan farin ido da cikin fatar ido kuma akwai wani tantani na daban mai laushi, wanda shi ne yake yin ja idan mutum yana ciwon ido.

Abubuwa uku ne suke tsaron waɗannan tantani:

i. Fatar ido: Ita ce murfin ido. Mai lafiya yakan yi ƙiftawa kimanin sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana share ƙura, tana shimfiɗa sabon hawaye.

ii. Hawaye: Ba ruwa ba ne kawai. A cikinsa akwai maiƙo da yauƙi da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta.

iii. Garkuwar jiki da abinci mai gina jiki: Musamman sinadarin bitamin A, wanda da shi ne fatar tantanin take sabunta kanta ta zauna da danshi.

Matuƙar waɗannan masu tsaro uku suna aiki, da wuya ƙwayar cuta ta samu wurin zama a ido. Matsalar ita ce, ciwo mai tsanani yakan raunana su duka a lokaci guda.

3.0 Dangantakar Ido da Hanyar Numfashi

Ido da hanci maƙwabta ne na kusa. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai wata 'yar kafa wadda hawaye yake bi ya gangara cikin hanci. Wannan ne dalilin da ya sa mai kuka yake majina, kuma wanda aka ɗiga wa magani a ido yakan ji ɗacinsa a maƙogwaro. Haka kuma, ramin da ƙwayar ido take zaune a ciki yana kewaye da wasu koguna na ƙashin fuska waɗanda suke buɗe zuwa hanci, kuma ƙashin da ya raba wasunsu da ramin idon siriri ne ƙwarai. Ke nan cutar da ta kama hanci da maƙogwaro ba ta da nisa da ido. Tana iya isa gare shi ta feshin tari da atishawa, ko ta hannun da ya share majina ya murza ido, ko ta kogunan hanci, ko kuma ta cikin jini.

A nan ya dace a bambanta ƙwayoyin cuta iri uku da za a riƙa ambata. Bairos ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce take kawo mura da baƙon dauro da korona. Bakteriya ita ce take sa rauni ya yi mugunya. Fumfuna kuwa dangin wadda take fitowa ne a kan tuwon da ya kwana biyu ko gurasar da ta lalace. Sau da yawa bairos ce take fara karya garkuwar jiki, sannan bakteriya ko fumfuna su biyo baya su ƙarasa ɓarnar. Wato dai, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4.0 Baƙon Dauro

4.1 Kamannin Cutar

Mutane da yawa suna ɗaukar baƙon dauro a matsayin ciwon fata saboda ƙurajen da suke fesowa. A haƙiƙa cuta ce ta numfashi. Ta hanci da baki take shiga, ta tari da atishawa take yaɗuwa, kuma ciwon huhu ne ya fi kashe yaran da suka kamu da ita. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har tsawon awa biyu bayan mai cutar ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna tare da mai ita, kimanin tara za su kamu. Bayan kwana 10 zuwa 14 da shigar ƙwayar sai zazzaɓi mai zafi ya taso, tare da tari da majina da jan ido mai zubar da hawaye. Bayan 'yan kwanaki sai ƙuraje su fara daga fuska da bayan kunne, su gangara zuwa sauran jiki.

Cutar tsohuwa ce. Shahararren likitan nan na ƙasar Farisa, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu a wajen shekarar 925, ya rubuta littafi a kan agana da ƙyanda, inda ya bambanta su, ya kuma yi bayani a kan kiyaye idon mai fama da su. An samar da allurar rigakafinta a shekarar 1963. Kafin allurar ta yaɗu, cutar takan kashe kimanin mutum miliyan 2.6 a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ta kashe kimanin mutum 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

4.2 Yadda Baƙon Dauro Yake Lalata Ido

Kusan duk yaron da ya kamu da baƙon dauro idonsa yakan yi ja, kuma ga yaro mai ƙoshin lafiya wannan yakan wuce ba tare da wani tabo ba. Amma ga yaron da ciwon ya yi wa tsanani, musamman mai tamowa, abubuwa da dama sukan taru su yi wa ido taron dangi.

Da farko, ita kanta ƙwayar cutar takan yi wa tantanin baƙin ido ƙananan ƙuje-ƙuje. Wannan ne yake sa yaron ya ƙi haske, ya matse idonsa.

Na biyu, cutar takan cinye bitamin A da yake jiki. Zazzaɓi yana ƙara buƙatarsa, ga yaron ba ya iya cin abinci saboda ciwon baki, ga gudawa tana fitar da ɗan abin da ya ci. Idan ajiyar da take cikin hanta dama kaɗan ce, sai ta ƙare. Daga nan sai ido ya bushe, ya daina sheƙi, sannan tantanin ya yi laushi ya narke. Wannan narkewa tana iya faruwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa takan shafi idanu biyun.

Na uku, baƙon dauro yana karya garkuwar jiki. Wani bincike da aka buga a shekarar 2019 a kan yara marasa rigakafi a ƙasar Holan ya nuna cewa cutar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na kariyar da jikinsu ya tara a kan wasu cututtuka. Idan garkuwa ta faɗi haka, sai wata bairos mai suna hafis, wadda take kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe, ta samu damar yin gyambo a baki da ido. Bakteriya ma takan shiga raunin ta sa shi mugunya.

Na huɗu, yaron da ya galabaita ƙwarai, ruwan jikinsa ya ƙare, yakan kwanta ido a buɗe rabi, ba ya ƙiftawa. Sai gefen tantanin na ƙasa ya bushe ya tsage.

Sakamakon duk wannan shi ne gyambon ido. Idan gyambon ya warke, yakan bar farin tabo wanda Hausawa suke kira hakiya. Idan tabon yana tsakiya, haske ba zai shiga ba. Idan kuwa gyambon ya huda tantanin, ruwan ido yakan tsiyaye, idon ya shanye, ko kuma ya kumburo waje. Dashen sabon tantani aiki ne mai tsada da wuyar samu, kuma bai cika yin nasara ga ƙananan yara ba. Saboda haka, makantar baƙon dauro galibi ta har abada ce.

4.3 Abin da Bincike ya Nuna a Arewacin Nijeriya

A shekarar 1979, wasu likitoci biyu da suka yi aiki a asibitocin Jami'ar Ahmadu Bello, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun buga sakamakon bincikensu a kan wannan matsala. Sun bayyana cewa gyambon ido ga yara masu tamowa shi ne kan gaba wajen makantar da yara a Arewacin Nijeriya a wancan zamani, kuma yawanci yakan biyo bayan baƙon dauro ne. A wata makarantar makafi da suka duba, kashi 69 cikin ɗari na yaran sun makance ne ta dalilin lalacewar tantanin baƙin ido. Daga cikin yara masu hakiya da suka bincika kuwa, aƙalla kashi 42 cikin ɗari baƙon dauro ne sanadi. Sun kuma lura cewa kusan kullum akwai ƙarancin abinci mai gina jiki a bayan lamarin.

Daga baya, bincike a wasu ƙasashe ya ƙara fito da muhimmancin bitamin A. A shekarar 1990 an buga wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu a kan yara 189 da aka kwantar saboda baƙon dauro, inda aka ga haɗarin mutuwa ko tsanantar ciwo ya ragu da rabi ga waɗanda aka ba bitamin A. Yaɗuwar rigakafi da rabon bitamin A sun rage irin wannan makanta sosai a Afirka, amma ba su kawar da ita ba a wuraren da yara suke rasa allura da abinci.

4.4 Halin da Ake Ciki a Katsina

A Katsina, kamar sauran garuruwan Arewa, baƙon dauro ya fi ɓarkewa da rani, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, ya lafa idan damina ta kankama. Abubuwa biyu da likitocin 1979 suka haɗa, wato baƙon dauro da tamowa, har yanzu suna haɗuwa a jikin yara da yawa. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ta fara jinyar yara masu tamowa a Katsina a shekarar 2021, ta bayyana a watan Yuli na 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar a wata shida na farkon shekarar. Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga ta raba iyalai da dama da ƙauyukansu a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana, wasu suka kwararo cikin birnin Katsina suka raɓa a gidajen 'yan'uwa. Yaron da aka yi gudun hijira da shi yakan tsallake ranar allurarsa, ya rasa abincin kirki, ya kuma kwana cikin cunkoso. Irin wannan yaro shi ne idonsa ya fi shiga haɗari idan baƙon ya zo.

5.0 Korona da Idon Majinyaci

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas. A watan Afrilu na wannan shekara Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa cutar ta shigo Jihar Katsina, bayan rasuwar wani likita a Daura. Ita kanta korona ba ta cika yi wa ido wata babbar illa ba, in ban da jan ido mai wucewa da wasu sukan yi. Haɗarin yana ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani har aka kwantar da su a sashen kulawa ta musamman. Likitoci a ƙasashe daban-daban sun ga matsaloli iri uku.

5.1 Bushewar Ido da Gyambo

Majinyacin da aka sa wa na'urar taimaka wa numfashi akan ba shi maganin barci da na sassauta tsoka. Waɗannan magunguna suna hana ƙiftawa, kuma sau da yawa fatar ido ba ta rufuwa ruf. Iskar da take tsirtowa daga gefen abin shaƙar iska tana ƙara busar da idon. Haka kuma, an riƙa kwantar da masu korona rub-da-ciki na tsawon awa 16 ko fiye a yini domin huhu ya buɗe, wanda hakan yakan kumbura fuska da ido. Daɗin daɗawa, lokacin da ake zuƙe majina daga maƙogwaron majinyaci, feshinta yana iya sauka a idon da yake buɗe. A cikin wannan majina akan samu wata bakteriya mai suna sudomonas, wadda take iya huda tantanin baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Abin lura a nan shi ne, majinyacin ba ya cikin hayyacinsa, ba zai ce idonsa yana ciwo ba.

5.2 Cutar da Take Biyo Jini

Wani lokaci ciwon ba daga waje yake shiga ba. Majinyacin da ya daɗe da robar ƙarin ruwa a jijiya, aka kuma ba shi magunguna masu ƙarfi, ƙwayoyin bakteriya ko fumfuna suna iya shiga jininsa su yada zango a cikin ƙwayar ido. Sai cikin idon ya yi mugunya. Alamarsa ita ce dushewar gani, da ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo, da ciwo. Wasu ma sai bayan an sallame su daga asibiti da makonni abin yake bayyana. Jinyarsa takan buƙaci allura a cikin idon ko tiyata, kuma jinkiri yakan jawo asarar gani.

5.3 Baƙar Fumfuna

A watan Yuni na 2020, masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka sanar da cewa maganin dekzametason, wanda yake cikin rukunin magungunan sitiroyid, yana rage mutuwar masu korona da suke kan na'urar numfashi da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Wannan ya ceci rayuka da dama. Sai dai sitiroyid yana danne garkuwar jiki, yana kuma ɗaga sukarin jini. A ƙasar Indiya, inda masu ciwon sukari suke da yawa, aka kuma yi amfani da maganin fiye da kima, sai wata cuta da aka yi wa laƙabi da baƙar fumfuna ta ɓarke a tsakiyar shekarar 2021. Zuwa watan Yuli na shekarar, gwamnatin ƙasar ta ba da rahoton sama da mutum 45,000 da suka kamu, sama da 4,000 kuma suka rasu.

Wannan fumfuna tana cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da taki, kuma mai lafiya yana shaƙar ta ba tare da ta yi masa komai ba. Ga mai raunin garkuwa kuwa, takan kama kogunan hanci, ta toshe jijiyoyin jini, nama ya mutu ya yi baƙi, sannan ta ratsa zuwa ramin ido, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Alamominta sun haɗa da ciwon gefe ɗaya na fuska, da toshewar hanci mai baƙar majina ko jini, da kumburin ido, da faɗuwar fatar ido, da ganin abu biyu-biyu. Akwai majinyatan da sai da aka cire musu ido ɗungurungum kafin a ceci ransu. Darasin da yake cikin wannan ga mutanenmu a fili yake: ciwon sukari yana nan a cikinmu, kuma ana sayen sitiroyid a kemis ba tare da takardar likita ba.

6.0 Al'adun da Suke Ƙara Ta'azzara Matsalar

Babu uwar da take son ɗanta ya makance, amma rashin sani ya fi dare duhu. A wasu gidaje, idan yaro yana baƙon dauro akan killace shi a ɗaki mai duhu, a ƙi kai shi asibiti har sai ƙurajen sun gama fitowa. Wasu sukan hana shi wasu nau'o'in abinci a daidai lokacin da jikinsa ya fi buƙatar su. Idan ido ya manne da kwantsa kuwa, sai a shiga ɗige-ɗige: ruwan ganye, ko ruwan sukari, ko nonon uwa, ko kwalli, ko ragowar maganin da wani ya taɓa amfani da shi. Wasu daga cikin waɗannan suna ƙone tantanin, wasu kuma suna shigar da bakteriya da fumfuna cikin raunin da dama yake buɗe. Haka nan maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya a kemis yakan sa ido ya yi fari kamar ya warke, alhali gyambon yana ƙara zurfi a ƙarƙashi. Wannan shi ne ainihin abin da Hausawa suke cewa, garin neman gira a rasa ido.

7.0 Alamomin Haɗari da Matakan Kariya

Duk mai jinyar wanda yake fama da ciwon numfashi mai tsanani, yaro ne ko babba, ya wajaba ya riƙa duba idonsa kowace rana a wuri mai haske, bayan ya wanke hannu. A buɗe fatar idon a hankali, kada a danna ƙwayar. A garzaya asibiti a ranar, ba gobe ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

a. Yaro ya ƙi buɗe ido sam, ko ido ya manne da mugunya.
b. Baƙin ido ya daina sheƙi, ya yi hazo, ko farin ɗigo ya fito a kansa.
c. Majinyaci yana barci ido a buɗe.
d. Dundumi, wato yaro ba ya gani da almuru.
e. Kumburin ido ko na gefen fuska, ko baƙar majina, musamman ga mai ciwon sukari.
f. Dushewar gani a lokacin jinya ko bayan an warke.

Dangane da kariya kuwa, rigakafi ya fi magani. A Nijeriya ana yi wa yaro allurar baƙon dauro ta farko yana da wata 9, ta biyu kuma yana da wata 15, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Yaron da ya riga ya kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba shi bitamin A sau biyu, ranar da aka gano cutar da kuma washegari. Ɗan ƙasa da wata 6 ana ba shi awo 50,000, ɗan wata 6 zuwa 11 awo 100,000, wanda ya kai shekara ɗaya kuma awo 200,000. Idan akwai alamar ƙarancin sinadarin a ido, akan ƙara na uku bayan 'yan makonni. Ma'aikacin lafiya ne yake ba da wannan, domin yawansa ma yana da illa. A ci gaba da shayar da yaro da ba shi ruwa da abinci. Abincin da yake da bitamin A yana kusa da mu: hanta, ƙwai, madara, man shanu, manja, karas, kabewa, zogale, alayyafo, mangwaro da gwanda. Idan ido ya yi kwantsa, a goge shi da tsaftataccen ƙyalle da tafasasshen ruwan da ya huce, kada a ɗiga komai sai abin da likita ya rubuta.

A asibiti kuma, kulawar da take ceton ido ba mai tsada ba ce: duba ido a kai a kai, shafa man ido domin hana bushewa, rufe fatar ido da filasta idan ba ta rufuwa, kare ido lokacin zuƙe majina, da lura da sukarin wanda ake ba sitiroyid. A birnin Katsina akwai Asibitin Ido, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Matsalar da ta fi ƙarfinsu akan tura ta manyan cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da take Kaduna.

8.0 Rawar da Malamin Makaranta Zai Taka

Ɗalibin da yake karanta wannan babi gobe shi ne malamin firamare ko na ƙaramar sakandare, kuma a ƙauyuka da unguwanni da yawa maganar malami tana da nauyi. Saboda haka, ana sa ran zai yi waɗannan abubuwa. Idan ya ga yaro da zazzaɓi da tari da jan ido da ƙuraje, ya sanar da shugaban makaranta da iyaye, a kai shi asibiti, ya kuma zauna a gida aƙalla kwana huɗu bayan fitowar ƙurajen. Ya yi amfani da taron iyaye da malamai wajen tunatarwa a kan katin rigakafi. Ya lura da yaron da ya dawo daga jinya yana kanne ido ko yana kusanto da littafi fuskarsa. Yaron da ya riga ya rasa gani kuwa, kada a bar shi ga bara. A nuna wa iyayensa hanyar Makarantar Makafi ta Katsina, domin rashin ido ba rashin basira ba ne.

Malamin Hausa yana da wani ƙarin nauyi. Shi ne ya san kalmomin da jama'a suke fahimta, irin su hakiya da dundumi da kwantsa da tamowa. Yana iya sanya wannan ilimi cikin insha'i da wasan kwaikwayo da tattaunawar aji, yara su kai shi gida cikin harshen da iyayensu suke ji.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ido yana da masu tsaro uku, wato fatar ido da hawaye da garkuwar jiki, kuma ciwon numfashi mai tsanani yakan raunana su gaba ɗaya. An ga yadda baƙon dauro, idan ya haɗu da tamowa, yake haifar da gyambon ido da hakiya ga yara, da kuma yadda korona ta jawo bushewar ido da mugunyar cikin ido da baƙar fumfuna ga manya. Abin da ya haɗa misalan biyu shi ne, majinyacin da ya galabaita ba ya iya kokawa da idonsa, kuma ɓarnar tana faruwa cikin kwanaki kaɗan. Don haka, alhakin duba idon yana kan mai jinya. A yi wa yara rigakafi, a ciyar da su, a guji ɗige-ɗigen da ba na likita ba, a kuma tuna da ido ko da hankali yana kan ƙirji.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da suke kare ido, ka bayyana aikin kowannensu.
2. Me ya sa aka sanya baƙon dauro cikin cututtukan numfashi?
3. Yi bayanin hanyoyi huɗu da baƙon dauro yake bi ya lalata ido.
4. Wace dangantaka take tsakanin ciwon sukari da sitiroyid da baƙar fumfuna?
5. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi, ka sanya kowace cikin jimla: hakiya, dundumi, kwantsa, tamowa, fumfuna.
6. Rubuta insha'i mai taken "Garin Neman Gira a Rasa Ido," wanda bai gaza kalma 300 ba.